AMAC: ƙaramar hukumar da kujerarta ke sauya hannu, amma da ƙuri'un 'yan ƙalilan

A watan Oktoba na 2024 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kano, kuma tun kafin a buɗe rumfuna kowa ya san inda za a kwana: jam'iyyar NNPP mai riƙe da gwamnatin jiha a lokacin ta kwashe kujerun shugabanni 44 gaba ɗaya. A Janairun 2021, lokacin da APC ce a gidan gwamnati, ita ma 44 ɗin ta kwashe ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba. A shekarar 2024 ɗin nan dai APC ta ɗauke 23 na Kaduna da 27 na Jigawa, PDP kuwa ta ɗauke 20 na Bauchi. Jam'iyyu daban-daban, jihohi daban-daban, sakamako iri ɗaya. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka ɗauko maganar gyaran tsarin mulki sai ka ji ana cewa a rushe hukumomin zaɓe na jihohi, a miƙa wa INEC zaɓen ƙananan hukumomi, wai daga nan magana ta ƙare.

Ina tare da masu wannan kira, amma ina ganin kafin mu ɗora dukkan fatanmu a kansa ya kamata mu leƙa wurin da aka daɗe ana gwada shi. Akwai wuri ɗaya tak a Najeriya da INEC ce ke shirya zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, wato Babban Birnin Tarayya, Abuja. A cikin ƙananan hukumominsa shida kuwa babu wadda ta kai ta Birni da Kewaye, wadda aka fi sani da AMAC, yawan jama'a da kuɗin shiga da jan hankali. Tarihin zaɓenta ya nuna abin da sahihin ƙidayar ƙuri'a ke iya gyarawa, ya kuma nuna abin da ba ta iya taɓawa.

Dalilin da ya sa Abuja ta fita daban a fili yake. Ba ta da gwamna, ba ta da majalisar dokokin jiha, don haka babu wanda zai kafa mata hukumar zaɓe ta jiha. Sashe na 299 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora aikin yi mata doka a kan Majalisar Tarayya, ikon zartarwa kuma a kan shugaban ƙasa, wanda shi kuma yake naɗa minista ya riƙe masa. Dokar Zaɓe ce ta ba INEC aikin zaɓen ƙananan hukumomin shida: AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Mazaɓun kansila 62 ne, kowace ƙaramar hukuma na da 10, ban da AMAC mai 12. Idan aka haɗa da shugabanni shida, kujeru 68 ke nan ake fafatawa a kansu.

Sunayen mazaɓun AMAC kaɗai sun isa su nuna wa mutum irin haɗin gambizar da ke cikinta. Akwai Tsakiyar Birni da Garki da Wuse da Gwarimpa, inda ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da manyan gidaje suke. Sannan akwai Karu da Nyanya, matattarar ƙananan ma'aikata, akwai Gwagwa da Jiwa masu cunkoson 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, akwai kuma Kabusa da Gui da Orozo da Karshi, inda har yanzu za ka tarar da ƙauyukan manoma da hanyoyin da mota ke shan wahala da damina. Fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli duk a cikin AMAC suke, haka ma ƙauyen da ba shi da ruwan famfo. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 776,298, fiye da rabin jama'ar Abuja a lokacin, kuma ba sai an faɗa ba yau adadin ya ninka.

Dokar ba ta yarda mutum ya hau kujerar shugaba da ƙuri'un unguwarsu kaɗai ba. Bayan rinjaye, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na mazaɓu. A AMAC wannan na nufin mazaɓu 8 cikin 12. Don haka dole ɗan takara ya nemi Karshi ya kuma nemi Gwagwa, ya lallaɓa Garki ya kuma lallaɓa Nyanya, ya zaɓi mataimakin da zai cike masa gurbin ƙabila ko addinin da ba nasa ba.

Idan aka bi jerin waɗanda suka riƙe kujerar tun daga 2004, abin da zai fara bayyana shi ne yadda take bin iskar da ke kaɗawa a fadar shugaban ƙasa. Zephaniah Jisalo na PDP ya yi wa'adi biyu daga 2004 zuwa 2010. Micah Jiba, shi ma na PDP, ya gaje shi, ya yi nasa biyun daga 2010 zuwa 2016. Duk tsawon wannan lokaci, in ban da shekarar ƙarshe, PDP ce ke mulkin ƙasa. Da Muhammadu Buhari ya hau mulki a 2015, zaɓen da ya biyo baya a Afrilun 2016 sai ya juya: Abdullahi Adamu Candido na APC ya ci AMAC, jam'iyyarsa ta ɗauki biyar cikin shida. A Maris na 2019, ranar da ake zaɓen gwamnoni a jihohi, Candido ya sake komawa.

Wanda ya tsaya nan zai ce ai babu bambanci da jihohi, mai gwamnati shi ke ci. Amma akwai bambanci, kuma ba ƙarami ba ne. A 2013, PDP na kan ganiyarta, Abubakar Jibrin Giri ya ci Gwagwalada a ƙarƙashin ANPP. A 2016, guguwar canji na kaɗawa, Gwagwaladar nan dai ta faɗa hannun APGA, jam'iyyar da mutane da yawa ke ɗauka ta yankin kudu maso gabas ce kawai, inda Adamu Mustapha ya yi nasara. A 2019 PDP ta karɓe Bwari da Kuje alhali APC ce ke da shugaban ƙasa da minista. A wace jiha ce hukumar zaɓen da gwamna ya naɗa za ta bar jam'iyyar adawa ta tafi da kashi ɗaya cikin uku na ƙananan hukumomi? An ɗan ga alamar haka a Kaduna a 2018 da 2021, lokacin da aka yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, PDP ta samu wasu kujeru, amma zuwa 2024 an koma gidan jiya.

Zaɓen 12 ga Fabrairun 2022 shi ne ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa. APC ce ke mulkin ƙasa, ita ce ke da minista, ita ce kuma ta yi shekara shida tana riƙe da AMAC. Duk da haka Christopher Zakka Maikalangu na PDP ya kayar da ita, ya samu ƙuri'a 19,302, ɗan takarar APC Murtala Usman Karshi ya samu 13,240. A faɗin Abuja aka yi raba-daidai, PDP ta ci AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ci Gwagwalada da Kwali da Abaji, sannan PDP ta ɗauki mafi rinjayen kujerun kansila. Ƙaramar hukumar da fadar shugaban ƙasa ke cikinta ta kuɓuce wa jam'iyya mai mulki, kuma aka bayyana sakamakon haka, ba a murɗe ba.

APC ita ta kayar da kanta kafin PDP ta ƙarasa. Zaɓen fidda gwaninta ya haifi mutum biyu kowanne na cewa shi ne halastaccen ɗan takara, Suleiman Alhassan Gwagwa da Murtala Karshi, rigimar ta kai kotu, kuma ba ta lafa ba har dab da ranar zaɓe. Magoya baya suka shiga ruɗani, ɓangaren da ya ji an zalunce shi wasu suka zauna a gida, wasu suka yi wa jam'iyyar zagon ƙasa a ɓoye. A jiha irin wannan ɓaraka ba ta cika yin illa ba, domin hukumar zaɓe za ta rufe wa jam'iyyar gwamna asiri. A Abuja babu mai rufewa. A wannan zaɓen ne kuma aka yi amfani da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, wadda INEC ta fara gwadawa a 2021, kuma ko da yake ta ba da matsala a wasu rumfuna, ta rage damar cusa ƙuri'un mutanen da ba su zo ba. Bayan zaɓe an je kotu, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta farko ta ƙwace kujerar ta ba Murtala Karshi, ta ɗaukaka ƙara ta mayar wa Maikalangu. Har rantsarwar ma sai da aka jinkirta ta zuwa 14 ga Yunin 2022, saboda shari'ar da aka yi kan ko sabuwar Dokar Zaɓe, wadda ta mayar da wa'adi shekara huɗu maimakon uku, ta shafi shugabannin masu barin gado.

Zuwa nan labarin mai daɗi ne. Amma a sake duba adadin nan, 19,302. A wannan zaɓe masu rajista a Abuja sun haura miliyan 1.3, kuma kaso mafi tsoka a AMAC suke. Waɗanda suka fito a AMAC ba su wuce wajen kashi biyar cikin ɗari ba. Wato a kowane mutum ashirin da ke da katin zaɓe, ɗaya ne ya je rumfa. An zaɓi shugaban ƙaramar hukumar da ta fi kowace daraja a ƙasar nan da ƙuri'un da ba su isa su cika ko rabin babban filin wasa na Abuja ba.

Duk wanda ya taɓa zagayawa ranar irin wannan zaɓe ya san yadda abin yake. A Maitama ko Wuse II za ka tarar da 'yan bautar ƙasa biyu ko uku zaune a inuwar bishiya, an jera akwatuna, na'ura a hannu, ɗan sanda na gefe yana duba wayarsa, tun safe har azahar mutanen da suka zo ba su cika hannu biyu ba. Titi fayau saboda an hana zirga-zirga, yara sun mayar da shi filin ƙwallo, masu gidajen kuma suna ciki sun ɗauki ranar hutu ce ta faɗo musu. Ka fita zuwa Kabusa ko Karshi ka ga wata duniya: mata sun yi layi da goyo tun kafin ma'aikata su iso, wakilan jam'iyyu na riƙe da takarda suna duba wa ya zo wa bai zo ba, ana tura yaro a kan babur ya ɗauko tsohon da ba ya iya tafiya, kuma da an fara ƙirga kowa zai matso ya ƙirga da baki tare da malamin zaɓe. A can ake yanke wanda zai mulki AMAC.

Abin da ya faru shekara ɗaya bayan nan ya tabbatar da cewa ba wai mutanen Abuja ba sa son zaɓe ba ne. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023, Peter Obi na jam'iyyar LP ya samu ƙuri'a 281,717 a Abuja, Bola Tinubu ya samu 90,902, Atiku Abubakar ya samu 74,194. LP ɗin da ba ta ci ko ƙaramar hukuma ɗaya a 2022 ba, ita ce ta kayar da Sanata Philip Aduda, wanda ke kan kujerar tun 2011, Ireti Kingibe ta maye gurbinsa. Ita ce kuma ta karɓe kujerar majalisar wakilai ta AMAC da Bwari daga hannun Micah Jiba, tsohon shugaban AMAC, ta ba Joshua Obika. Rumfunan su ne dai, amma jama'ar da ta fito daban ce. Abuja na da masu zaɓe iri biyu: masu fitowa idan ana maganar Najeriya, da masu fitowa idan ana maganar gida. Na farkon sun fi yawa nesa ba kusa ba, na biyun kuma su ne ke naɗa shugaban ƙaramar hukuma.

Me ya sa na farkon ba sa fitowa? Ana yawan cewa lalaci ne ko girman kan 'yan boko, kuma akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba shi ne tushen ba. Tushen shi ne mazaunin tsakiyar birni ba ya ganin abin da AMAC ke riƙe da shi na rayuwarsa. Fili, wanda shi ne babban arziki da babban abin rigima a Abuja, duk na Gwamnatin Tarayya ne, minista ne ke rabawa, shi ke ƙwacewa, shi ke ba da umarnin rusau. Manyan tituna na hukumar raya birnin ne, FCDA. Kwashe shara a cikin gari na hukumar kula da muhalli ne. Ruwa na hukumar ruwa ne. Dukkansu a ƙarƙashin minista suke, wanda ba wanda ya zaɓe shi a Abuja. Lokacin da Nasir El-Rufai ke minista, daga 2003 zuwa 2007, aka yi rusau mai yawa, aka kuma hana acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, kuma babu shugaban ƙaramar hukumar da ke da ikon cewa a dakata. Mutumin da ya ga haka ya gane inda iko yake.

Abin da ya rage wa AMAC shi ne makarantun firamare na gwamnati, da ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, da hanyoyin ƙauye, da wasu kasuwanni da tashoshin mota, da rajistar aure, sai kuma haraji. Mai hali ba ya kai ɗansa firamaren gwamnati, ba ya zuwa asibitin unguwa. Shi da ɗan kasuwa duk inda suka fi haɗuwa da ƙaramar hukuma shi ne ranar da masu karɓar haraji suka tsaya a ƙofar shago da rigar aiki da rasit a hannu, yau na shago, gobe na allon talla, jibi na rediyo da talabijin, wani lokaci da kwaɗo a aljihu don rufe shagon wanda bai biya ba. 'Yan kasuwa sun daɗe suna kukan haraji barkatai, kuma an sha takun-saƙa tsakanin ƙananan hukumomin da hukumar tara haraji ta Abuja kan wa ke da hakkin karɓar me. Da a ce wannan haushi yana kai mutane rumfar zaɓe da an ga canji, sai dai yawanci yana ƙarewa ne a gunaguni.

Ga kuma maganar gida. Akasarin mazauna Abuja zuciyarsu na jiharsu. Bakano ko Basakkwace da ya shekara ashirin a kasuwar Dei-Dei ya fi sanin sunan kansilan mazaɓarsu ta can gida fiye da na Gwagwa ko Jiwa inda yake kwana, wasu ma katinsu na can, lokacin zaɓe ya yi su hau mota su tafi. Dubban masu aiki a cikin birni kuma a Mararaba da Masaka na jihar Nasarawa suke kwana, ko a Suleja da Madalla na jihar Neja. Wannan ya fi yi mini ciwo idan na tuna cewa 'yan'uwanmu masu ƙaramin ƙarfi, direbobi da masu gadi da 'yan tireda da masu wankin hula, su ne 'ya'yansu ke cika azuzuwan firamaren gwamnati a Karmo da Gwagwa da Nyanya, matansu ne ke awon ciki a asibitin unguwa. Ƙaramar hukuma ta fi shafarsu fiye da kowa, amma da yawansu na ganin siyasarta ta masu gari ce, su baƙi ne.

Su kuwa masu garin, wato Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Gwandara da Gade da Koro da Bassa da sauransu, dalilin fitowarsu a fili yake, kuma a ganina dalili ne na gaskiya. Dokar soja mai lamba 6 ta Fabrairun 1976, wadda gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa Abuja da ita, ta mayar da ƙasar kakanninsu mallakin tarayya. Da farko an yi niyyar kwashe kowa a sake musu matsuguni a waje, daga baya aka ga kuɗin ya yi yawa aka fasa, aka bar mafi yawansu a inda suke ba tare da takardar mallakar gonakinsu ba. An kai mutanen Wuse can Sabon Wuse a jihar Neja, an kai wasu Kubwa, wasu har yau suna jiran diyya. Ɗan kowace jiha na da gwamna da 'yan majalisar jiha da sanatoci uku. Ɗan asalin Abuja ba shi da gwamna, ba shi da majalisar jiha, sanata ɗaya gare shi da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma 2023 ta nuna masa cewa ko waɗannan ukun ana iya karɓe su idan baƙi suka fito. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan asalin Abuja minista, shi ne Jisalo ɗin nan da ya fara daga AMAC. Don haka kujerar shugaban ƙaramar hukuma ita ce gwamnarsu, ita ce majalisarsu, ita ce ƙofar aikin gwamnati ga 'ya'yansu, ita ce kuma matakalar hawa sama: Aduda daga kansila ya fara, Jisalo da Jiba daga kujerar AMAC suka wuce majalisar wakilai. Mutanen da abin da ya rage musu ke nan ba za su yi wasa da ranar zaɓe ba.

Wannan ne ya sa jam'iyya a AMAC ba ta da nauyin da ake zato. Abin da ake lissafawa shi ne daga wane yanki ɗan takara ya fito, wace ƙabila, wane addini, juyin wa ne, wane basarake ne ke tare da shi. Jam'iyya riga ce, ana sauya ta idan yanayi ya sauya. Kuma yanayin da ya fi tasiri shi ne na ofishin minista.

A takarda, ƙananan hukumomin Abuja na da kasonsu daga asusun tarayya kamar sauran 768 da ke jihohi. A aikace, an daɗe ana raba kuɗin ta hannun wani kwamitin haɗin gwiwa da ke ƙarƙashin ma'aikatar birnin, ana cire albashin malamai da kuɗin fansho da na sarakuna kafin a raba ragowar. Ga kuma kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar birnin da ake ba su, wanda shi ma ta hannun minista yake bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. A fuskar kantomomi Abuja ba ta da laifin jihohi, zaɓenta na zuwa a kan kari. A fuskar kuɗi kuwa, yajin aikin malaman firamare na 2025 ya tona komai. Daga ƙarshen Maris har zuwa Yuli, sama da wata uku, makarantun firamaren gwamnati a ƙananan hukumomin shida na rufe, saboda ba a biya malamai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi ba. Shugabannin suka ce ba su da kuɗi. Ba a warware ba sai da Minista Nyesom Wike ya sa baki, aka amince a riƙe kason nan nasu na kashi goma a biya malamai da shi. Zaɓaɓɓun shugabanni ne, INEC ce ta bayyana su, amma yaran talakawa sun yi zango guda a gida, kuma wanda ya buɗe makarantun shi ne mutumin da ba a zaɓa ba.

Shugaban ƙaramar hukumar da ya san haka ba zai daɗe yana adawa da minista ba. Wike ya zo a Agustan 2023, ɗan PDP a cikin gwamnatin APC, ya shiga shimfiɗa tituna har cikin ƙauyuka, yana tafiya da shugabannin ƙananan hukumomi wajen buɗe ayyuka. A 2025 Maikalangu ya sauya sheƙa zuwa APC, jam'iyyar da ya kayar. A zaɓen 21 ga Fabrairun 2026 ya tsaya a ƙarƙashinta ya sake ci, ɗan takarar ADC ya zo na biyu, bayan da na PDP ya janye masa kafin ranar zaɓe. APC ta ɗauki biyar cikin shida, PDP ta tsira da Gwagwalada, garin da ya sha ƙin bin sahu. Fitowar jama'a a AMAC ta ɗan ƙaru, amma ba ta kai kashi goma cikin ɗari ba. A jadawali za a rubuta cewa iko ya koma daga PDP zuwa APC, alhali mutumin da ke kan kujerar bai motsa ba. Mutum 19,302 da suka zaɓi adawa a 2022 sun wayi gari ƙuri'arsu ta koma hannun gwamnati ba tare da an tambaye su ba. Idan aka lissafa daga 2004, shekarun da AMAC ta yi a hannun jam'iyyar da ba ita ke fadar shugaban ƙasa ba ba su wuce huɗu ba: shekarar ƙarshe ta Jiba, da ukun farko na Maikalangu.

Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar barin zaɓe a hannun gwamnoni ba, ko kusa. Abuja ta samu abubuwan da Kano da Bauchi da Jigawa ba su samu ba: zaɓe a kan lokaci, jam'iyya mai mulki na iya faɗuwa, kotu na iya juya sakamako ta kuma sake juyawa, shugaba na iya zama da kansilolin da ba 'yan jam'iyyarsa ba, waɗanda doka ta ba ikon amincewa da kasafin kuɗinsa, har ma da tsige shi idan kashi biyu cikin uku suka yarda. Gwagwalada kaɗai, da ta zaɓi ANPP da APGA da APC da PDP a cikin shekara 13, ta isa shaida cewa ƙuri'a na aiki idan an ƙirga ta. Amma INEC ƙirga take yi, ba ta ƙara wa ƙaramar hukuma iko, ba ta hana zaɓaɓɓe sauya sheƙa, ba ta kuma fito da mutum daga gidansa. Idan gobe aka miƙa mata zaɓen ƙananan hukumomi 768 da ke jihohi, alhali gwamna ne ke riƙe da kuɗinsu da ayyukansu, abin da za a gani shi ne abin da aka gani a AMAC: ɗan adawa ya ci, ya yi shekara biyu ko uku yana jan ƙafa, sannan ya tattara ya koma wajen mai rabon kuɗi.

A Abuja kanta, tambayar da ta fi girma ita ce wa zai zaɓi mai riƙe da fili da tituna da kasafin kuɗin birnin. An sha kawo ƙudirin a samar wa Abuja zaɓaɓɓen magajin gari, an kawo shi a gyaran tsarin mulki na 2022 bai tsallake ba. 'Yan asalin yankin sun fi son a ba su matsayin jiha da gwamna, wasu daga cikinsu kuma na tsoron kada kujerar magajin gari ta tafi yadda ta sanata ta tafi a 2023, domin zaɓen da ke da iko na gaske a bayansa zai fito da mutanen Gwarimpa da Wuse da Lugbe daga gidajensu, kuma su ne masu yawa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma duk tsarin da za a kawo sai ya tanadar wa masu garin wani kaso da yawan baƙi ba zai share ba, ko ta hanyar keɓe kujeru a majalisar birni, ko ta hanyar ba ƙananan hukumomi hannu a rabon filayen ƙauyukansu. Majalisar Tarayya, wadda ita ce majalisar dokokin Abuja, tana da 'yan majalisa 469, kuma uku ne kawai a cikinsu mutanen Abuja suka zaɓa.